Soyayyar da Gida Ya Ƙi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Labaran Masoya Saniyar Ware

Na daɗe ina ajiye littattafan hikaya cikin wani akwatin ƙarfe a ɗakina a nan Tawa ta ƙasar Nijar, ƙanne da ɗalibai da matan unguwa suna zuwa aro. Yanzu aikin akwatin ya ragu, domin labarai sun koma cikin salula, amma tambayoyin da ake yi mini suna nan yadda suke. Yawancinsu kan iri ɗaya ne: labarin mutum biyu da jama'a ba ta ɗauke su a bakin komai ba, so ya shige su sannu a hankali, dangi kuma suka ƙeƙasa ƙasa suka ce ba za a yi ba. Ga amsoshin da nakan bayar.

Wane irin labari ne wannan takamaimai?

Labari ne da masoyan cikinsa ba su shiga sahun jama'a ba tun kafin su haɗu. Kowannensu yana ɗauke da wani tabo da gari ya sa masa. Sonsu kuma irin wutar ƙaiƙayi ne, tana ci ta ƙarƙashi ba a ganin harshenta, sai ka kai rabin littafi ba wanda ya furta wa wani komai. Sannan akwai katanga, kuma mutanen gida ne suka gina ta: uwa, uba, gwaggo, kawu, wani lokaci kaka da ba a iya musa mata. Idan aka cire katangar, saura labarin zance ne kawai. Idan aka cire jinkirin, saura rigimar gida.

Me ya sa ake jan soyayyar haka? Ba dabarar cika shafi ba ce?

Wani lokaci ita ce, kuma zan zo kan wannan. Amma a hannun marubucin da ya san garinsa, jinkirin shi ne gaskiyar labarin, domin haka so yake tafiya a wurinmu.

A ce ga wani saurayi ɗan mahauta, yana da tukuba kusa da tasha. Ya bar makaranta a kwaleji don mahaifinsa ya kwanta ciwo. A ce ga wata yarinya ɗiyar malami, shekararta goma sha tara, ta fito daga auren da bai yi wata takwas ba, unguwa ta sa mata ido. Ana aikenta sayen balangu don kakarta da ba ta iya cin tuwo. Ranar farko ya naɗe mata a takardar siminti, ta ba da kuɗi, ta tafi. Da ta buɗe a gida sai ta ga ya yanka naman ƙanana-ƙanana, yadda mai raunin haƙora za ta iya ci, alhali ba ta ce masa komai ba game da kakar. Ya ji ne a bakin wani, ya riƙe. Bayan sati uku ta lura yana karanta guntayen jaridun Faransanci da ake kawo masa na naɗe nama kafin ya yi amfani da su. Bayan wata biyu ta bar wani tsohon littafin makarantarta a gefen teburinsa kamar mantuwa. Bai mayar ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Duk wannan ba a yi maganar so ba, kuma duk mai karatu ya san an fara. Yarinya mai kunya ba za ta tsaya hira da namiji a tasha ba, bare bazawara da ake jira ta yi kuskure. Shi kuma ya san matsayinsa a idon gidansu, ya san za a ce masa wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Don haka son yana bi ta hannu da ido da aike. Ko an kai ga zance a ƙofar gida, ƙane yana zaune a gefen tabarma, maƙwabta suna wucewa suna gaisuwa.

Mu Adarawa kuma muna da wani jinkiri namu na daban, wato cin rani. Da an gama girbi samari sun kama hanya, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya ko Aljeriya, kuma ba kowa ke dawowa da faɗuwar ruwa ba. Akwai mai yin shekara biyu ko uku. Soyayyar da aka fara kafin tafiya takan koma saƙon murya a WhatsApp, a saurara da dare cikin gidan sauro an rage ƙara. Marubucin da yake neman dalilin raba masoyansa na tsawon lokaci ba sai ya ƙirƙiro haɗarin jirgi ba, tashar mota ta ishe shi.

Su wa ne saniyar ware a irin waɗannan labarai?

Duk wanda aka yanke masa hukunci kafin ya buɗe baki. Bazawara mai ƙuruciya. Yarinyar da ta yi karatu mai zurfi a Yamai ta dawo ana cewa ta wuce aure ko ta fi ƙarfin miji. Saurayin da shan inna ya taɓa ƙafarsa. Mai sikila, wadda a nan muka fi sani da emasi. Zabiya. Ɗan da aka haifa ba aure, wanda laifin da bai yi ba ke biye da shi har ranar neman aurensa. Wanda ya je cin rani ya dawo hannu wofi alhali sa'o'insa sun dawo da babur. Da kuma ƴaƴan gidajen sana'o'in da ake gadonsu: maƙera, mahauta, wanzamai, maroƙa, majema.

Abin da nake dubawa shi ne ko marubucin ya ba su rai ban da tabon nasu. Gurgu a labari ya kamata ya kasance yana da fushi da wasa da abin da ya iya da abin da ya kasa, kamar kowa. Idan tausayi kaɗai aka nema masa, an sake mayar da shi gefe ne a cikin littafin da aka ce nasa ne.

Idan an ce soyayyar da aka hana, ana nufin haramun ta addini?

A'a, kuma wannan bambancin yana da muhimmanci ƙwarai. Akwai auren da Allah ya haramta: na muharramai ta jini, na waɗanda suka sha nono ɗaya, na matar da ke ƙarƙashin igiyar wani ko cikin idda. Wannan ba shi da magani, kuma labarin da ya ginu a kansa labarin rabuwa ne tun daga shafin farko. Abin da muke magana a kai shi ne auren da shari'a ta halatta mutane suka hana.

A mazhabar Malikiyya da muke bi, aure ba ya ɗauruwa sai da waliyyi, kuma uba yana da iko babba kan ɗiyarsa budurwa. Amma malamai sun yi magana kan waliyyin da ke hana mace auren wanda ya dace da ita ba da hujja ba, har sun ce alƙali yana iya shiga maganar. Aya ta 232 a Suratul Baƙara ta sauka ne kan wani sahabi, Ma'aƙil ɗan Yasar, da ya hana ƴar uwarsa komawa wurin mijin da ya sake ta alhali su biyun suna so. Haka kuma Khansa'u ɗiyar Khizam, bazawara ce mahaifinta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Littafin da ya san waɗannan yakan fi ƙarfi, domin jarumarsa ba ta fita daga addini don neman haƙƙinta, a cikinsa take tsayawa.

Maganar asali har yanzu tana hana aure, ko marubuta ne ke tono abin da ya wuce?

Tana hanawa. Duk wanda ya taɓa raka wani neman aure ya san akwai bincike, kuma binciken ba ya tsayawa kan sallar yaro da sana'arsa. Ana tambayar su wa ne kakanninsa. Sai ka ji an ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe, a tashi taro.

Mafi nauyi ita ce maganar bauta. Nijar ta mayar da bautar da mutum laifi a dokar hukunta laifuka a 2003, kuma ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, ta daɗe tana wannan gwagwarmaya. A jiharmu ta Tawa aka yi shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12 aka mayar da ita wahaya, wato ta biyar bayan mata huɗu, ba igiyar aure ba ƴanci. An ba ta takardar ƴanci a 2005, ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida da sunan ta yi aure kan aure. A ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta samu ƙasar Nijar da laifin kasa kare ta, ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Wannan ba hikaya ba ce, a yankin Ƙonni aka yi, kuma matar tana cikin tsaranmu. Doka ta kankare bautar, amma kalmar tana nan a bakin tsofaffi idan an zo maganar aure, har ga jikokin da ba su san komai a kai ba.

Ni dai ban ga madogarar wannan a addini ba. Abu Hind mai yin ƙaho ne, irin aikin wanzamanmu, kuma Manzon Allah (SAW) ya umarci ƙabilar Banu Bayada su ba shi aure su kuma nemi aure a gidansa. Abin da ke ba ni mamaki kuma shi ne mu ne masu alfahari da wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Mukan yi wasa da dariya da kowa a kasuwar Lahadi, amma da ɗan wani ya yi sallama a zaurenmu da goro, sai fuska ta canza.

Ba daga finafinan Indiya ko littattafan Turawa aka kwaso wannan ba?

An ɗauki wasu abubuwa daga finafinan Indiya, ba a musun wannan. Amma jigon ya girme su. Larabawa suna da Antara, ɗan baiwa, wanda baffansa ya yi ta ja masa rai kan Abla. A rubutun Hausa na boko, tun shekarun 1930 aka buga Jiki Magayi a Zariya, inda mai dukiya ya raba saurayi da budurwarsa. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan kasuwar Kano suka yi ambaliya, mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suka rubuta auren dole daga ciki, domin ita kanta an aurar da ita tana ƙarama. A farkon shekarun 1990 In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zaga ko'ina da labarin ɗiyar masu kuɗi da ɗan talaka. Irin waɗannan littattafai sun riƙa shigo mana ta iyakar Ƙonni, kuma da yawa daga cikinmu da muka yi lakwal da Faransanci, a cikinsu muka goge da karatun Hausa.

Iyaye ne mugayen labarin kullum?

A littattafan da ba su nuna ba, e. Za ka ga uwa mai son kuɗi tana zage-zage daga farko har ƙarshe, da uba kamar dutse. Irin wannan ba ya kama da gidajen da na sani, kuma ina ganin zalunci ne ga iyaye.

Na ga irin wannan rigima a danginmu. Wata ƴar uwata ta so ɗan gidan maƙera, yaro natsattse da kowa ya shaida. Mahaifiyarta ce ta fi kowa ɗaga murya a tsakar gida. Amma wata safiya na shiga na same ta tana daka ita kaɗai, hawaye na zuba cikin turmin, ta ɗauka ba mai ganinta. Da na gaishe ta sai ta share fuska da gefen zane ta ce, “Ɗana, ni ban ƙi yaron nan ba. Amma tana da ƙanne mata huɗu. In na ba da ita can, wa zai zo neman sauran?” Tsoro ne ke cinta, kuma tsoron yana da tushe, domin ta san garinta. Ban yarda da hukuncinta ba har yau, amma tun ranar ban ƙara iya kallonta a matsayin muguwa ba.

Uba ma yakan kasance a ɗaure. Saurayi ya zo ya durƙusa ya ce, “Baba, ku yi haƙuri, ban zo jayayya da ku ba.” Dattijon ya yi shiru ya ce, “Tashi, yaro. Ni ban ga aibunka ba. Amma na ba wana magana tun tana goye, kuma ban taɓa magana biyu ba.” A nan mai karatu zai ji zafin ɓangarorin biyu, kuma a nan labari yake yin nauyi.

Akwai ma inda iyaye ke da gaskiya tsantsa. Idan masoya biyu duk suna ɗauke da ƙwayar emasi, wato AS da AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haifar yaro mai SS. Uwar da ta yi jinyar irin wannan yaro, ta kwana tana danna masa gaɓoɓi, idan ta ce a'a ba asali take dubawa ba. Ina son in ga marubutanmu sun shiga wannan da gaske, inda ba mugu a labarin ko ɗaya kuma duk da haka ba mafita mai sauƙi.

Ba sa koya wa yara bijire wa iyaye?

An daɗe ana wannan zargi. A Kano har an ƙona littattafai a 2007 lokacin gwamna Ibrahim Shekarau, da sunan gyaran tarbiyya. Ba zan ce duk abin da ake rubutawa mai kyau ne ba. Akwai labaran da ke yawo a salula da batsa ce zalla aka lulluɓe da sunan soyayya, kuma ba na ba ƙannena irinsu.

Amma wanda ya karanta da yawa ya san jaruman irin labarin da muke magana ba masu gudu daga gida ba ne galibi. Haƙuri suke yi, su nemi kawu ko liman ko aminin uba ya sa baki, su yi istihara, su jira. Albarkar iyaye suke nema, shi ya sa ma labarin ke tsawo. Da gudu za su yi da an gama a babi na uku. Sannan a ƙasar da ƙididdigar UNICEF ta nuna kusan kashi 76 cikin 100 na mata ana aurar da su kafin shekara 18, yarinyar da ta karanta cewa ana iya tambayar ra'ayinta ba ta koyi rashin kunya ba. Abin da addininta ya riga ya ba ta ne ta ji.

Yaya zan bambanta jinkiri mai ma'ana da jan rai?

Duba ko wani abu ya motsa tsakanin haɗuwa da haɗuwa. Idan a babi na goma sun san juna fiye da yadda suka sani a na biyar, ko ɗaya ya ga aibin ɗayan ya zauna da shi, tafiya ake yi. Idan kuwa rashin fahimta ɗaya ake ta juyawa, wadda magana guda za ta warware, ko aka yi ta jefo sabbin kishiyoyi da bokaye don labarin ya kai kashi na biyar a ci gaba da biyan kuɗin karatu, to lokacinka ake ci.

Dole ne a ƙare da aure?

Masu karatu da yawa suna so, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya bi mutum biyu shafi ɗari uku yana da haƙƙin ya ga an shafa fatiha. Abin da ba na so shi ne auren da aka saya da arha: a wayi gari a gano ashe ɗan mahaucin nan ɗan sarki ne da aka sace yana jariri, ko ya dawo daga Libiya da dukiya sai kowa ya rungume shi. Irin wannan ƙarshe yana gaskata masu ƙin ne, yana cewa da ɗan mahauci ne na gaske da sun yi daidai. Idan za a yi auren, a yi shi yana nan ɗan mahaucinsa da tukubarsa, wani a gidan ya sauko da kansa, wata gwaggo kuma ta ƙi zuwa biki, domin haka ake yi.

Rabuwa ma ƙarshe ce, in an rubuta ta da gaskiya. Ƴar uwar tawa ba ta auri ɗan maƙeran ba. Tana gidan wani da ƴaƴanta, ana zaune lafiya, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Ina son in rubuta irin wannan. Da wace Hausa zan rubuta, ta Kano ko tamu?

Yi bayanin labari da daidaitacciyar Hausa don na Zindar da na Kano da na Kumasi su bi ka ba wahala, amma ka bar mutanenka su yi magana da bakinsu. Tsohuwar Adar ba za ta ce “me kake so” ba, “mi kaka so” za ta ce, kuma ɗiyarta ɗiya ce. Kuɗi jaka ne da dala. Samari a fada suke zama suna dafa shayi, kabu-kabu ake hawa, malamin lakwal mushe ne. Yawancin abin da muke karantawa a Kano ko Kaduna ko Abuja yake faruwa, cikin gidajen bene da manyan motoci, har wasu yaranmu sun ɗauka soyayya ba ta yiwuwa a Bilbis ko Keita ko Buza. Ga lambunan albasa na Galmi, ga kokowar da aka fara gasar takobinta ta ƙasa a nan Tawa a 1975, ga Buzaye da Fulani da Hausawa a kasuwa ɗaya, ga motar Yamai da ke tashi da asuba da ɗaliba a ciki da wanda ya rako ta daga nesa bai iya matsowa ba saboda yayanta na tsaye.

Mata masu rubutu kuma su sani BBC Hausa tana shirya gasar gajerun labarai ta Hikayata tun 2016. Ga mai farawa, gajeren labari makaranta ce mai kyau: ɗauki haɗuwa ɗaya tak, a bakin tukuba ko a layin famfo, ka rubuta ta ba tare da kalmar so ta fito ko sau ɗaya ba, sannan ka ba wata gwaggonka ta karanta ka ga ko za ta gane abin da ke tsakaninsu.